Dokar laifukan ƙiyayya a Ingila: amsa ga ɗalibin da ke shirin tahowa

Ƙanena, ka ce ka samu gurbin karatu a Birmingham, amma ka ji wasu na cewa dokar Ingila tana fifita baƙi da Musulmi, wasu kuma na cewa ko an ci zarafinka a titi babu abin da za a yi. Duka biyun ba su faɗa maka daidai ba.

A Ingila da Wales, ƙin mutum a zuci ba laifi ba ne. Sai an aikata abin da dama doka ta hana, kamar duka, barazana ko ɓarnar dukiya. Idan aka tabbatar launin fata ko addini ne dalili, ko mai laifin ya furta hakan a lokacin, hukunci ya ƙaru. Dokar ta 1998 ce, an shigar da addini a 2001. Dukan da bai yi rauni ba, iyakarsa wata 6 a kurkuku. Da ƙiyayya a ciki, shekara 2. Mai rauni kuwa, iyakarsa tana tashi daga shekara 5 ta koma 7.

Nan gardamar take. Masu suka suna cewa mari mari ne, me ya sa marin wani zai fi na wani tsada? Masu goyon baya suna cewa wanda ya fizge hijabin mace ɗaya ya tsorata duk matan unguwar. A ganinmu masu sukar sun manta abu guda: dokar ba ta ce baƙi ko Musulmi ba, launi da addini kawai ta ce. Ko a Glasgow ta Scotland, yankin da ke da tasa dokar, waɗanda suka kashe farin yaro Kriss Donald a 2004 an same su da laifin kisa mai haɗe da wariyar launi.

Inda mutanenmu ke shan mamaki: tun bayan rahoton binciken alƙali Macpherson na 1999 kan kisan baƙar fatan matashi Stephen Lawrence a Landan, 'yan sanda suna rubuta ƙara a matsayin ta ƙiyayya da zarar kai ka ɗauke ta haka. Kotu kuwa hujja take nema. A nan ƙara kan iya mutuwa, domin mutum ya ce "ya zage ni" amma bai riƙe kalmomin ba.

Don haka rubuta ainihin abin da aka faɗa, da Turancinsa, komai muninsa, da lokaci da wuri. Karɓi lambar wayar wanda ya shaida. Ana cikin hatsari, kira 999. Abu ya wuce, 101. A jirgin ƙasa, tura saƙo zuwa 61016. Kada ka rabu da 'yan sanda sai sun ba ka lambar ƙara. Ka hanzarta, hoton kyamarar shago ko bas ba ya daɗewa ake goge shi. Kada ka rama.

Sai ɗaya gefen, wanda ba a cika faɗa ba. An soke laifin saɓo a 2008, sukar addini ko yi masa ba'a shi kaɗai ba laifi ba ne, ko da ya ƙona maka rai. Kuma dokar da ta kare ka ta kare Bayahude, wata dokar kuma ta kare mai naƙasa da masu auren jinsi. Zagin da aka saba yi a Facebook daga gida zai iya kawo 'yan sanda ƙofarka a nan. Baƙon da aka ɗaure wata 12 ko fiye, doka ta ce a mayar da shi ƙasarsa.