Amsa: An ce dam ɗinmu mai babban haɗari ne, fashewa zai yi?

Ɗan'uwa ka kwantar da hankalinka tukuna. Ka ce injiniyoyi sun zo ƙauyenku can wajen Gwaram sun sa ɗan dam ɗinku a rukunin babban haɗari, to wannan ba ya nufin ya kusa fashewa fa. Su abin da suke dubawa shi ne in Allah ya kawo tsautsayi ya ɓalle wa ruwan zai tarar a ƙasansa, in gonaki ne kawai sai su ce ƙaramin haɗari, in akwai titi ko gada ya zama matsakaici, in kuwa gidaje ne da mutane ke kwana ciki to babba ne ko da jiya aka gama gina shi. Lafiyar dam ɗin kuma maganarta daban.

Ni abin da ya fi damuna dam ɗin da aka gina da ƙasa ba ya son ruwa ya haura ta kansa, nan da nan yake zaizayewa, na Bagauda da ke jihar Kano ma da girmansa ai ya tafi a Agustan 1988. Don haka kafin damina ku yi gayya ku share mafitar rarar ruwa, kar wani ya toshe ta da buhunan yashi wai don noman rani, wallahi ana yi. Ku sare ƙananan itatuwan da suka tsiro a jikinsa, ku duba ramin gafiya da suri.

In kun ga ruwa na tsattsafowa ta bayansa garai-garai ku sa ido, amma in ya fito da laka to cikinsa yake ci, a sanar da dagaci da ƙaramar hukuma a ranar, na kwari su koma tudu.