Kafin ka kai wakilanka Dubai, buɗe littafin bashi

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗan kasuwa ne a Jega, ina sarin takin zamani da maganin feshi, kuma ina da wakilai 22 a Bunza, Suru, Koko, Yauri da Kamba. A zaman da muka yi bayan sallah na yi musu alƙawarin cewa mutum biyar da suka fi ɗaukar kaya a bana zan kai su Dubai su huta mako guda, kamar yadda manyan kamfanoni ke yi. Lissafin kayan yana hannun ɗan yayana, wani a waya wani a ka, amma duk na san su, babu mai cuta ta. Wane wata ya fi dacewa da tafiyar, kuma nawa zan tanada? Wani ya ce mini idan muka saro wayoyi da turare a can, kuɗin tafiyar zai fito har da riba.

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ƙara buɗi. Zan gaya maka watan, zan kuma gaya maka kuɗin, amma ba nan gizo yake saƙa ba. Abin da ya tsayar da ni a wasiƙarka shi ne "ɗaukar kaya". Ka ɗora kyauta a kan wanda ya fi ɗauka, ba wanda ya fi biya ba, a sana'ar da bashi ya yi wa katutu. Taki ana kwasarsa da damina ko lokacin noman rani, kuɗinsa kuwa sai shinkafa ta zo gida, wani ma sai ya ga farashi ya tashi kafin ya sayar ya biya. Daga ranar da ka furta wannan alƙawari, kowane wakili ya gane cewa hanyar Dubai ita ce ya cika shagonsa da kayanka, ko yana da masu saya ko ba shi da su.

Na ga irin wannan da idona. Shekarun baya wani mai injin casar shinkafa a nan Kebbi ya sa kujerar Umra ga dillalin da ya fi kowa fitar da buhuna. Akwai wani yaro mai baki a cikinsu, sai ya dinga ɗaukar kaya mota bayan mota, duk a kan bashi. Ashe karyar da su yake yi ƙasa da farashin injin don su fita da wuri ya dawo ya ƙara. Shi ya ci kujerar, aka raka shi filin jirgi. Da aka zauna lissafi bayan ya dawo, bashin da ke kansa ya ninka kuɗin kujerar sau da yawa, kuma babu takarda ko ɗaya da ya sa wa hannu. Asarar kuɗin ba ita ta fi yi wa mai injin ciwo ba. Dattawa biyu da suka yi shekaru suna biyansa lakadan, ba a taɓa bin su ko sisi ba, sun ga an karrama wanda ya lalata musu kasuwa. Ba su ce uffan ba, sai dai suka koma saye a wani injin.

Ka ce duk ka san su. Na yarda, amma sanin mutum daban, sanin abin da ke kansa daban. A yau ɗin nan, ba tare da ka kira ɗan yayanka ba, za ka iya faɗin buhu nawa wakilinka na Kamba ya ɗauka, nawa ya biya, nawa ya dawo da su, kuma tun yaushe ragowar take kansa? Idan ba za ka iya ba, to ranar zaɓen mutum biyar ɗin yaron ne alƙali, ba kai ba. Ban ce maci amana ba ne. Amma ka ɗora masa abin da ya fi ƙarfinsa: mutum 22, kowa na son ya shiga jirgi, kowa na da lambarsa, kuma hujjar tana cikin wayar da za ta iya faɗawa ruwa gobe. Ko bai karɓi komai a hannun kowa ba, mutum 17 da ba su samu ba za su ce ya karɓa, kuma ba ka da littafin da za ka buɗe ka wanke shi. Daga nan maganar ta bar shago ta shiga gidan yayanka. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, ta 282 a Suratul Baƙara, a kan rubuta bashi take, kuma muminai aka yi wa umarnin, ba waɗanda ake zargi ba.

Alƙawari kaya ne, ban ce ka janye ba. Ka tara su tun kakar ba ta rufe ba, ka fayyace: kayan da za a ƙirga su ne waɗanda kuɗinsu ya shiga asusu kafin rana kaza, kuma duk mai tsohon bashin bara ba ya cikin takara sai ya sauke. A rubuta, kowa ya sa hannu ya tafi da kwafinsa. Za a yi gunaguni. Ka lura da waɗanda suka fi ɗaga murya, sannan ka duba abin da ake bin su.

Yanzu kuɗi. Dirhamin Dubai a ɗaure yake da dalar Amurka, dala ɗaya dirhami 3.67, don haka da dala za ka yi lissafi, ba da naira ba. Ka tuna yadda dala ta tashi daga wajen naira 460 a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. A ƙiyasina, tikiti da biza da masauki matsakaici a unguwar Deira da abinci da zirga-zirga, kada ka sa ƙasa da dala 2,000 ga kowane mutum. Ku shida ne har da kai, dala 12,000 ke nan. A ce canji 1,500 ne, naira miliyan 18. Idan ribarka a buhun taki naira 1,000 ce, kana buƙatar buhu 18,000, tirela 30 mai buhu 600, kafin ka mayar da kuɗin tafiyar kawai. Kuma ba cinikin da ka saba yi ba, ƙarin da alƙawarin ya jawo. Kamfanonin da kake koyi da su daga wannan ƙarin suke biyan tafiya, kuma sun san shi har kobo. Kai idan ba ka san cinikin bara ba, da me za ka auna ƙarin bana?

Wata kuwa, tsakanin Nuwamba da Maris. A Yuli da Agusta zafin can yana haura digiri 40, ga gumin teku da ba irin busasshen zafinmu ba ne, kuma lokacin ne ma ya kamata wakilanka su kasance a shago. Ƙarshen Disamba masauki yana tsada, ka kauce masa. Abin da ya fi wata muhimmanci shi ne biza. A Oktoba 2022 Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, ƙasar da Dubai take ciki, ta daina ba 'yan Najeriya biza, jirgin kamfanin Emirates na Dubai ma ya daina zuwa Najeriya. Sai a Yuli 2024 aka sanar da buɗewa, jirgin ya dawo Legas ranar 1 ga Oktoba 2024. Ƙasar da ta taɓa rufe ƙofa kusan shekara biyu ba a biyan otal ɗinta kafin biza ta fito. Kowa ya tabbata fasfonsa na da sauran aƙalla wata shida, kuma ka yi aiki da kamfanin tafiye-tafiye mai ofis da rasit, ka biya ta banki. A takardar da za su sa wa hannu ka rubuta abin da za ka ba mutum idan aka hana shi biza, domin cikin biyar ana iya hana ɗaya.

Maganar saro wayoyi da turare, ka bar ta inda ka ji ta. Masu wannan sana'a a Kano sun yi shekaru suna yi, suna da masu yi musu dako, sun san kwastan, suna da shagunan da ke jiran kayan. Mai sayar da taki da ya cika akwati biyu a kasuwar Naif ta Dubai ba zai fitar da miliyan 18 a ciki ba, sai dai ya dawo ya raba wa dangi tsaraba, sauran ya bayar bashi. Wanda ya ba ka shawarar, sau nawa ya je ya dawo da riba?

Ka kuma tambayi wakilan naka abin da suke so. Mutumin Suru mai mata biyu da 'ya'ya a makaranta, idan ka ajiye masa hoton Burj Khalifa, dogon benen Dubai, a gefe, kujerar Umra ko babur da ƙarin jari a ɗaya gefen, ina kyautata zaton ba dogon benen zai nuna ba. Jidda ma bakin teku take, kuma wanda ka kai Ɗakin Allah zai daɗe yana sa ka a addu'a.

A makon nan ka sayi babban littafi, shafi guda ga kowane wakili. Ka zauna da ɗan yayanka ku kwashe abin da ke waya da abin da ke ka, sannan kowane wakili ya zo ya ga shafinsa ya sa hannu a gabanka. Idan jimillar bashin ta fito, ka aiko mini da ita tare da cinikin bara, sai mu ga ko mutum biyar za su tafi ko biyu.