Tambayoyinku Kan Fasaha: Jirgi Mai Rimot Da Ke Karkata Hagu

Tambaya: Malam, na haɗa ƙaramin jirgin sama mai rimot da farin soson kwalin firji, ina tashinsa a filin ƙwallon firamaren garinmu. Da na ba shi wuta sai ya ɗaga hanci ya yi hagu, in na sassauta kuma ya sunkuyo. Na danna tirim, wato ɗan maɓallin rimot da ake daidaita tafiyar jirgi da shi, har ya ƙure. Ko rimot ɗin ne ya lalace? (Wani ɗalibi daga karkarar Ringim)

Amsa: Ƙanena, rimot ɗinka lafiyarsa lau, ka daina ɗora masa laifin da ba nasa ba. Abin da ke sosa mini rai ke nan da masu wannan harka: mutum ya yi sati uku yana yanka soso, yana fenti, har da zanen tuta a jela, amma injin sai ya liƙa shi a miƙe sak, ya ce tirim zai gyara sauran. Tirim gudu ɗaya yake yi wa magani. Ka daidaita shi a cikakkiyar wuta, kana sassautawa jirgin zai nufi ƙasa, kamar dai yadda ka gani.

Ka tsaya bayan jirgin kana kallon gaba. Yawancin farfela yadda hannun agogo ke juyawa take juyawa. Injin na murɗa ta dama, ita kuma tana murɗa jikin jirgin hagu. Iskar da take turowa baya ma nannaɗe jikin take yi kamar rawani, ta je ta bugi tsayayyar jelar ta gefen hagu, hanci ya ƙara juyawa can. Ɗaga hanci kuwa halin jirgi mai fiffike a sama ne, musamman in ƙarƙashin fiffiken a shafe yake: gudu na ƙaruwa, ɗagawa na ƙaruwa.

Don haka injin ake karkatarwa, ya kalli dama da digiri 2 zuwa 3, ya kalli ƙasa da kamar digiri 2. Daga nan ake farawa, sauran jirgin ne zai gaya maka a sama. Ka nemi siraran washa wurin mai gyaran babur. Ka sa su tsakanin mazaunin injin da katakon da yake ɗaure a kai, a bayan kusoshin hagu don ya kalli dama, a bayan na sama don ya kalli ƙasa. Hagun wanda ke tsaye a baya nake nufi, don na san wani zai tsaya a gaba ya yi akasi, sannan ya sake rubuto mini. In tazarar kusoshin milimita 30 ce, washa mai kaurin milimita 1 tana ba da kusan digiri 2. Ban da kwali, ban da robar silifa, matsewa suke yi kusurwar ta gudu.

Kafin ka kwance komai, cire batir, cire farfela. Wannan ba na wasa da shi, farfelar nan tana tsaga yatsa har ƙashi. Ka kuma ɗora jirgin a kan yatsu biyu ƙarƙashin fiffike, wajen kashi ɗaya cikin uku daga gabansa. In jela ta rinjaya, matsar da batir gaba tukuna, washa ba ta gyara wannan.

Gwaji da sassafe ake yi, kafin iskar hunturu ta tashi. Mayar da tirim tsakiya, hau sama sosai, daidaita shi a rabin wuta, sannan ka ba shi duka. Ya yi sama da ƙarfi, ƙara washa a sama. Ya sunkuya, rage. Washa ɗaya a kowane tashi, kuma ka rubuta a littafi abin da ka canza. Ni kowane jirgi da shafinsa.

Tambaya: Ana iya auna kusurwar da waya? (Mai karatu daga Dambatta)

Amsa: Ana iyawa. Sauke manhajar auna karkata, auna jikin jirgin, auna sandar injin, ɗebe bambancin. Wannan na kallon ƙasa ke nan, na kallon dama kuma kwantar da jirgin a gefensa.

Tambaya: Injina baya yake tura jirgin. (Daga Gumel)

Amsa: Cikin wayoyi ukun nan da ke shiga injin, musanya kowane biyu. Ka kuma duba farfelar, gefen da ke da lambobi gaba yake kallo.

Tambaya: Na kai batirin jirgina shagon cajin waya, ya kumbura. In huda shi iskar ta fita? (Daga karkarar Kazaure)

Amsa: Kada ka kuskura, wuta zai kama. Sa shi a tukunyar ƙasa da yashi, nesa da rumbu da danga. Wannan batirin cajarsa daban ce, mai tsayar da kowane ɗaki, wato kowane ɗan batirin da ke cikinsa, a bolt 4.2, kuma ba a barin sa a rana.