Tambaya da Amsa: Gajeren suna ko dogo a rubutun manhaja?

Tambaya: Assalamu alaikum. Na rubuta manhajar lissafin sakamakon jarrabawa, na sa wa fankshin ɗina (guntayen kod da kowanne ke yin wani aiki) sunaye irin su lsf da mak. Malaminmu ya zaftare mini maki, wai sunayen ba sa faɗin komai. To ai yaren C kansa cike yake da su strcpy da atoi. Me ya halatta nasu ya haramta nawa? Daga wani ɗalibi a Samaru, Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa, malaminka ya fi ka gaskiya. Masu C ba don gwaninta suka gajarta ba, dole ce ta sa su. Dennis Ritchie ya ƙirƙiro yaren a Bell Labs wajen 1972, zamanin da manhajar da ke haɗa fayilolin kod ba ta karanta dogon suna har ƙarshe. Ko ƙa'idar C ta 1989, haruffa 6 na farko kawai ta lamunce za a duba a sunan da wani fayil ke kira. Da ka rubuta lissafa_maki da lissafa_kudi, a wurin na'ura duk "lissaf" ne, sai su yi karo. Ƙa'idar 1999 ce ta ɗaga adadin zuwa 31. Yaren FORTRAN 77 ma a 6 ya tsaya.

Kuma har yau ana ɗanɗana kuɗar wannan gajartawa. Dubi strcmp: sunan ya ce yana kwatanta rubutu biyu, bai ce me zai dawo da shi ba. Idan sun zo ɗaya, 0 yake bayarwa, alhali a C sifili na nufin "a'a". Sabon shiga ya saka shi kai tsaye cikin if (umarnin "idan"), sai manhaja ta yi akasin nufinsa, kuma ba wani gargaɗi da zai gani.

Naka ya fi muni ma, don strcpy duk mai C ya haddace shi, mak kuwa kai kaɗai ka san shi. Maki ne, mako ne, ko makaranta? Bayan dogon hutu kai ma sai ka tsaya tunani. Ka fara sunan da aikatau, ka bi shi da abin da aikin ya faɗa wa: lissafa_matsakaicin_maki. In amsar i ko a'a yake bayarwa, sunan ya nuna, kamar ya_ci_jarrabawa. In akwai ma'auni, saka shi: kudi_a_kobo ya raba gardama da naira. In ka ga sai da "da" sunan zai cika, kamar lissafa_da_bugawa, aiki biyu ne, raba shi. Kada tsawo ya dame ka, VS Code, manhajar rubuta kod, zai ƙarasa maka bayan haruffa kaɗan. Amma kalma 2 zuwa 4 sun isa, tunda PEP 8, jagoran salon yaren Python, haruffa 79 ya ba kowane layi. Su len da max da i na cikin zagaye, bar su yadda suke.

Tambaya: Zan iya sa ƙ da ɗ a sunan fankshin? Daga wata mai koyon Python a Tudun Wada.

Amsa: 'Yar'uwa, Python 3 yana karɓar ƙ da ɗ da ɓ, amma ba ma ba ki shawara. Wurinsa kuɗi da kudi sunaye biyu ne daban. In fankshin kika kira da kuskure, zai tsaya ya ce bai san sunan ba, wannan da sauƙi. In ma'ajin lamba ne kika zuba wa sabon adadi, shiru zai yi ya buɗe wani sabo, lissafi ya lalace. Alamar (') da ke cikin kalma irin ma'aikaci kuwa sam ba ta shiga suna, sai dai ki rubuta maaikaci.