Me ya sa makunnan gidana ke daina jin umarni da yamma?

Tambaya: Assalamu alaikum Injiniya. Ina zaune a Hanwa, nan Zariya. Na sa an haɗa mini tsarin da nake kunna fitilu da fanka, in kuma buɗe get, duk daga wayata. Makunnan ɗakuna na Zigbee ne, wato wani tsarin sadarwa mara waya na ƙananan na'urorin gida, na get da na injin jawo ruwa kuma na WiFi. Da rana komai lafiya lau, amma daga magariba sai in danna sau uku kafin fitila ta kama, wani lokaci ma manhajar ta ce makunnin ya ɓace. Muna da sola da inbata da janareto, kuma uwar na'urorin, wato na'urar da ke aika wa makunnan Zigbee umarni, tana cikin sito tare da inbata da rauta, na'urar da ke raba WiFi. Wanda ya haɗa mini ya ce kayan ne jabu, in sayi wasu. Mene ne shawararka?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka sayi komai tukuna. Kayan da suka yi aiki lafiya daga safe zuwa la'asar ba jabu ba ne. Akwai abin da ke sauyawa a gidanka da yamma, kuma shi za mu nemo, domin idan ka sayo sababbi ka ajiye su a wuri ɗaya, ciwo ɗaya zai kama su.

Abin da ya fi jan hankalina a wasiƙarka shi ne sito. Uwar na'urorin Zigbee magana take yi a hankali, ƙarfin siginarta kaɗan ne, don an tsara ta ne ta yi magana da ƙananan na'urori masu batir. Ita da WiFi kuma zango ɗaya suke rabawa, wato gigahaz 2.4. Idan ka jingina ta da rauta, kamar ka sa mutum ya saurari raɗa ne yana tsaye gaban lasifikar biki. Ga kuma inbata da batura da akwatin ƙarfe a gefe, ga bangon bulo, in bene ne ga rodin dakin a sama. Ka fito da ita falo ko baranda ta tsakiyar gida, ka ɗora ta sama, ka bar aƙalla mita ɗaya ko biyu tsakaninta da rauta. In irin wadda ake cusawa a kwamfuta ce, ka sa mata doguwar wayar USB, ka nisanta ta da ƙofar USB 3.0. Kamfanin Intel da kansa ya wallafa bayani a 2012 cewa irin wannan ƙofa tana fitar da hayaniya a daidai zangon nan. Wannan gyara kaɗai yakan kashe rabin matsalar, kuma ba ya cin ko kwabo.

Sai batun tasha. Zigbee na da tashoshi 16, daga 11 zuwa 26. WiFi kuma yawanci yana zama a 1 ko 6 ko 11, kuma kowace tasharsa tana da faɗin da zai rufe na Zigbee kusan huɗu. Tashoshin Zigbee 15 da 20 da 25 su ne suka faɗo a tsakankanin waɗancan, shi ya sa muke zaɓarsu. Da yamma kowa ya dawo gida, yara na kallon bidiyo, maƙwabta sun kunna nasu rauta, zangon ya cika. Ka shiga saitin rautarka ka tsayar da ita a tasha 1 maimakon barinta tana zaɓa da kanta, ka mai da Zigbee 25 idan uwar taka ta ba da dama. Wasu ba sa bayarwa, wasu kuma sai ka sake haɗa wasu makunnan bayan sauyin. Talabijin da wayoyi kuma ka mai da su kan WiFi na gigahaz 5 in rautar na da shi.

Yanzu ga inda na fi zargi, kuma shi ne abin da masu haɗa irin wannan tsari a garuruwanmu suka fi mantawa. Da yawa daga makunnan Zigbee da ke jone da wuta ba karɓar umarni kawai suke yi ba, suna miƙa saƙo ga na gaba da su, daga falo zuwa ɗaki zuwa ɗaki. To, a yawancin gidajenmu ba kowane layi ne ke kan inbata ba. Idan aka ɗauke wuta, makunnan da ba sa kan inbata sun mutu, kuma duk wanda ke bi ta kansu ya rasa hanya har sai tsarin ya sake nemo wata. Mai gida sai ya ga kamar katsalandan ɗin sigina ne, alhali gadar ce ta karye. Ka tambayi mai wayarin ɗinka waɗanne layuka ne ke kan inbata, ka tabbatar uwar na'urorin da rauta da makunnan da ke tsakiyar gida duk suna ciki. Haka nan lokacin juya canjoba zuwa janareto: makunnin WiFi yana farkawa cikin daƙiƙu, rauta kuma takan ɗauki minti ɗaya ko biyu, sai wasu makunnan su nema su rasa su yi shiru. Ƙaramin UPS, wato na'ura mai batir da ke riƙe wuta idan an ɗauke, a kan rauta da uwar na'urori yana maganin wannan.

Hayaniyar lantarki ta gaske ma tana nan, amma yawanci ta cikin wayar wuta take shiga, ba ta iska ba. Inbatar da ba a rubuta pure sine wave a jikinta ba tana ba da wuta mai kaifin gefe, kuma da yamma ne take ɗaukar nauyin gida duka. Injin jawo ruwa da firij da na'urar sanyaya ɗaki kuma, a lokacin tashi suna jan wuta ninkin abin da suke ci suna gudu, ƙarfin wutar ya faɗi ƙasa da volt 230 na ɗan lokaci, ƙaramin makunni ya mutu ya sake tashi. Ƙwan LED masu arha da cajar waya ta bakin titi su ma ba a bar su a baya ba.

Yadda za ka kama mai laifi: ka ɗauki kwana uku kana rubuta lokacin da abin ya faru, da irin wutar da ake kai, da abin da aka kunna a lokacin. Sannan a daidai lokacin matsalar ka riƙa kashe bireka ɗaya bayan ɗaya kana gwada fitilar. Layin da ka kashe komai ya daidaita, nan abin yake. Ka kuma ɗauki ƙaramin rediyo mai batir, ka murɗa shi kan matsakaicin zango inda babu tasha, ka zaga gida da shi. Kusa da caja ko ƙwai mai hayaniya zai yi ƙara sosai. Rediyon ba ya jin zangon Zigbee, amma yana tona asirin kayan da ke ɓata wutar gida.

Game da get, ka duba ko wayar sigina da wayar wutar injin a bututu ɗaya aka zura su. In haka ne a raba su da kamar santimita 30, a yi amfani da murɗaɗɗiyar waya irin ta intanet. A kuma auna wayar at ta gidan, wato wadda aka binne ƙarshenta a ƙasa, musamman lokacin hunturu da ƙasar Zariya ke bushewa ƙamas, domin busasshiyar ƙasa ba ta karɓar wuta yadda ya kamata. Don Allah kada ka buɗe inbata ko akwatin bireka da hannunka, inbata takan riƙe wuta ko bayan an kashe ta. Wannan aikin ƙwararren mai gyaran wuta ne. Idan bayan duk wannan makunni ɗaya ne tak ya ci gaba da ɓacewa, ko da an kawo shi kusa da uwar na'urorin, to shi kaɗai za ka sauya.