Yadda Allah yake kiran annabawa a Tsohon Alkawari

Ɗan'uwa, ka tambaya ko annabawan nan su ne suka nemi annabci. A'a, Allah ne ya neme su, galibi ma suna tsakiyar sana'arsu. Musa yana kiwon tumakin surukinsa Yetro a dutsen Horeb ya ji murya daga kurmi mai cin wuta. Ya yi ta kawo uzuri, wai bakinsa da nauyi, har aka haɗa shi da Haruna. Irmiya ya ce shi yaro ne, Ubangiji ya taɓa bakinsa. Na Ishaya ya fi ratsa ni: a shekarar da sarki Azariya ya rasu, aka ɗauko garwashi daga bagade aka taɓa leɓunansa, sannan ya ce, "Ga ni, ka aike ni." Aka kuwa aike shi wurin mutanen da ba za su saurara ba.