Me ya sa Podman yake karɓar zaɓin da ba ya aikin komai?

Tambaya: Malam, mun mayar da kwantenoninmu (wato manhajojin da aka ƙunshe tare da duk abin da suke buƙata don su yi aiki) daga Docker zuwa Podman, manhajoji biyu na gudanar da kwantena, sai na ga a takardun bayanin Podman cewa zaɓin --disable-content-trust ba ya aikin komai. Mene ne amfanin ajiye shi?

Amsa: Ɗan'uwa, an ajiye shi ne domin tsofaffin rubutun umarni. Tun fitowar Docker a shekarar 2013 mutane suke rubuta jerin umarnin da ke gina kwantena da tura su kai tsaye ba tare da mutum ya tsaya a kai ba, kuma da yawa daga cikinsu babu wanda ya sake buɗe su. Idan Podman ya ci karo da zaɓin da bai sani ba, yakan tsaya nan take ya mayar da lambar kuskure 125, kuma idan rubutun ya fara da set -e, wato umarnin a dakata da zarar an samu kuskure, duk aikin da ke biye ya tsaya ke nan, watakila da tsakar dare lokacin da babu mai dubawa. Saboda haka masu gina Podman suka ga ya fi sauƙi ya karɓi kalmar ya wuce. Haka --compress yake a podman build: da wannan zaɓin Docker yake matse fayiloli kafin ya miƙa su ga manhajarsa da ke gudana a bayan fage, shi kuwa Podman ba shi da irin wannan manhaja, don haka babu abin da za a matse.

Inda nake so ka yi hattara shi ne zaɓin da ka ambata. A tsofaffin nau'o'in Docker, rubuta --disable-content-trust=false yakan sa a tantance sa hannun dijital da ke kan hoton kwantena, wato kunshin da ake tayar da kwantena daga gare shi, kafin a sauke shi. Podman zai karɓi wannan rubutun ba tare da ƙorafi ba, amma ba zai tantance komai saboda shi ba, domin nasa tsarin tantancewar yana cikin fayil ɗin /etc/containers/policy.json. Rubutunka zai kammala lafiya, kai kuma kana zaton an duba sa hannun. A ganina zaɓin da ya shafi tsaro ya cancanci gargaɗi a allo, ko da ba zai tsayar da aiki ba.

Kada kuma ka dogara da alias docker=podman, domin Bash, manhajar da ke gudanar da umarnin, ba ya amfani da irin wannan laƙabi a cikin rubutun umarni sai an umarce shi. Ka girka kunshin podman-docker, wanda ke samar da umarni mai suna docker da ke kiran Podman, sannan ka bi rubutunka layi-layi ka duba kowane zaɓi a takardun Podman.